Kwamfuta ta Arba'in

Matso ka zauna, ka ji labarin Baba Mai Waya. Shekara ashirin yana zagaya ɗakin manyan kwamfutocin kamfani, da tafin hannu yake gane wadda ta ɗau zafi. Bana aka sa shi dasa musu manhajar sa ido da za ta karɓi wannan aikin nasa, mai kai rahoto ta layin sadarwar kamfanin. Da ya gama talatin da tara, manaja ya ce, "Baba, kana gama ta ƙarshe sai ka je gida ka huta."

"Ranka ya daɗe, hutu da yara biyar a makaranta?"

Tun safe yake tsaye gaban ta arba'in, gumi na keto masa duk da sanyin ɗakin. In kai ne, za ka dasa?