Tukwanen Lakar Yayana

Shekarar da yajin aiki ya rufe makarantu, yayana ya dawo Maraɗi daga jami'a kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Zama ba ya yi masa, kwanciya ba ta yi masa. Kunnensa kullum a rediyo, maganarsa ɗaya: zai koma Yamai cikin masu zanga-zanga. Inna kuwa ta san an taɓa harbin ɗalibai a can.

Tukwane ne suka riƙe shi. Wai a cikin laka akwai ƙwayoyin halitta masu ba da wutar lantarki in sun sami abin ci. Ya jera tukwanen a bayan ɗakinmu a Sabon Gari, gawayi a binne cikin laka, wani a saman ruwa, ya haɗa su da waya. Ya rantse ba inda za shi sai ɗan jan ƙwan fitilar da ya ciro daga matacciyar rediyo ya kama. Wari kuwa, Allah ya sawwaƙe! Na fi kowa tsine wa tukwanen nan.

Inna ce ta ba ni mamaki. Matar da ba ta barin ƙwarya ta kwana ba wanki, ita ce mai tambayar lafiyar laka. Da allurar na'urarsa ta awon wuta ta faɗi, ya fara kallon jakarsa, sai ta ce, "Lakar Tsibiri rairai gare ta, tahi Jiratawa ka ɗebo baƙa." Ya tafi. Ya motsa wata tukunya, iska ta shiga, ƙarfin ya mutu, ya sake daga farko. Sanyi ya kwantar da allurar, ta ce ya jira bazara. Da ya gano yunwa ƙwayoyin suke ji, ya roƙi ruwan tsarin gero, ta yi ta ja masa rai: yau babu, gobe akuya ta shanye. Maƙwabta ne suka ba shi.

Wata azahar ya kira mu ɗaka ya rufe ƙofa. Ƙwan ya yi ja, bai ko kai garwashin turare ba.

"Inna, kin gani? Ya kama!"

"Na gani," ta ce.

Na jira guɗa, shiru. Sai a lokacin na gane: jinkirin nan Inna take nema, yanzu kuwa ba abin da zai riƙe shi. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta ɗora masa tukunyar dambun guzuri.