Tukunyar Jego a Hanyar Mambila

Wayata tana kan murfin samira a kicin sa'ad da ta fara zir-zir, murfin yana taya ta. Mijin ƙanwata ne daga can saman Mambila, inda aiki ya kai shi. Ya ce ta sauka lafiya, an samu namiji. Tun rasuwar mahaifiyarmu ni nake riƙe jariran gidanmu ranar suna idan wanzami zai yi musu aski, ban taɓa fashi ba. Na ce masa ina tafe.

Na daka yaji, na ƙulla kanwa, na jawo ƙatuwar tukunyar Ummanmu ta dafa ruwan wankan jego, wadda ta zaga gidajen dangi daga Gyaɗi-Gyaɗi har Hotoro. Maigidana ya tambaye ni ko mutanen can a tafin hannu suke dafa ruwa. Na ci gaba da ɗaure kayana.

Daga tashar Unguwa Uku zuwa Jalingo gajiya ce kawai. Wahalar sai da muka fara hawan dutse. Hanya ta yi ta nannaɗewa, hagu rami, dama rami, bakina bai huta da hasbunallahu ba. Mota ta ɗau zafi, direba ya ce kowa ya sauka ya taka. Muka taka, ni da silifas ɗin zuwa biki. Da na zo alwala, ruwan kamar an fasa ƙanƙara a ciki, ga shi ko rigar sanyi ban riƙo ba.

A Gembu na tambayi motar ƙauyensu. A Kano ka zauna, mota ta cika, ku tashi. A nan aka ce sai ranar kasuwa, kasuwar kuwa sai bayan suna. Saura babur. 'Yan acaɓan suka zagaye tukunyar suna dariya, ɗaya ya ce, “Hajiya, ko ke ko ita. Sai dai ki shiga ciki mu ɗaure ku tare.”

Wata mai tuwo a tashar ta ce in bar mata ajiya. Na dubi tukunyar, na dubi matar da ko sunanta ban sani ba, na kasa. Na zauna jiran wata a-kori-kura da aka ce wataƙila ta biyo. Ba ta biyo ba. Ruwan sama ne ya zo, ya wuni ya kwana, hanya ta zama kunu. Na yi ta ɗaga waya sama ko zan samu ƙanwata, babu layi a ƙauyen nasu sai an hau tudu.

Ranar sunan a rumfar mai tuwo na yi ta, ina kallon hazo, ina kuka a cikin mayafi. Washegari da ƙasa ta ɗan sha iska na bar mata tukunyar da tun farko ta ce in bari, na hau babur. Ya kayar da ni a laka, muka tashi muka ci gaba.

Na isa ana ta kwashe tabarmi, zanena duk jar ƙasa, na rasa da wace fuska zan shiga. Babbar 'yar ƙanwata, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, ta rugo ta kama min yatsa tana ja.

“Inna, yi sauri. Har yanzu da gashinsa. Umma ta kori wanzami, ta ce sai kin zo kin riƙe shi.”