Jar Ciyawar Teku a Kan Tsaunin Jos

Kowace safiya Madam Theodora takan fito daga Laranto, ta hau keke zuwa ɗakin gwaje-gwajen makarantar da take aiki. Kafin ta ajiye jaka sai ta leƙa kwalabenta. A cikinsu akwai jar ciyawar teku, wadda wani malami ya kawo daga bakin teku tun tana sabuwar ma'aikaciya. Malamin ya daɗe da barin makarantar, ciyawar kuwa tana nan.

Abin da ya riƙe hankalinta duk shekarun nan shi ne launi. In ta ɗiga wa ruwan gishirin da ciyawar ke ciki sinadarin naitirojin, irin wanda ke cikin takin zamani, sai ciyawar ta yi ja wur, ta yi rassa. In ta hana ta, sai ta koɗe, girma ya tsaya. Takan ce wa ɗalibai har gobe abin na ba ta mamaki.

Shekarar da aka yi dogon yajin aiki aka rufe makaranta, sai ta kwashe kwalaben ta kai gida, domin binciken kammala karatun wani ɗalibi, Salim, a kansu ya dogara. Can sinadarin ya ƙare, ciyawa ta fara koɗewa. Maƙwabciyarta Hassana, mai sayar da kabeji a kasuwar Farin Gada, ta leƙo tana tambaya ko ana miya da ita. Da ta ji matsalar sai ta kira Theodora da sunan ɗanta, ta ce, "Maman Chima, yunwa ce. Ba ga takin yuriya ba?"

Theodora ba ta da tabbas, amma ta gwada. A kwalbar farko takin ya yi yawa, gansakuka ya rufe ciyawar, ta mutu. A ta biyu ƙwaya kaɗan ta jiƙa, ta riƙa ɗigawa. Sannu a hankali ja ya dawo. Da aka koma makaranta, Salim ya tarar da ciyawarsa a raye. Yau shi ma malami ne, kuma shi ya ba ni labarin.

Madam Theodora, ke ce uwar kwalabe, wadda ba ta gajiya da tambaya. A watan nan za ki yi ritaya ba tare da sunanki ya hau bangon littafin kowa ba. Mun gode, Allah Ya saka miki. Masu tasowa, ku riƙe amanar da aka ba ku kamar yadda ta riƙe tata. Ita kuwa ta ce in ta huta, abu na farko za ta je ta ga teku, don ba ta taɓa ganinsa ba.