Benjamin Karkada da Rufin Zauren 'Yan'uwa

Haihuwa da Karatu

An haifi Benjamin Karkada a garin Mangalor a shekarar 1911. Mahaifinsa Dewadas mai gasa tayil ɗin rufi ne, sunan mahaifiyarsa Salomi. Bayan makarantar mishan ya koyi aikin kafinta, sana'ar da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Aiki

A 1938 wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ta sirri mai suna Mason ta karɓe shi, ta kuma damƙa masa sabunta tsohon zaurenta. Shi ya tsara rufin katakon, ya ɗaga tagogi can sama domin kada mai wucewa ya leƙa. Sai dai gini marar iska a ƙasar da damina ba ta wasa kullum yana neman hannu, ga shi ƙa'idar reshensu ta ce ɗan ƙungiya kaɗai ke taka ɗakin taro.

Aure da Zuriya

Ya auri Hilda Maben a 1941, suka haifi uku. Mazan biyu ko guduma ba su iya riƙewa ba. Autarsu Sunanda ce ta gaje shi.

Shekarun Tsufa

A 1979 ya faɗo daga tsani ya karya ƙugu, rufin ya fara yoyo, gara ta sami wuri. Babban tsoronsa kada rufin ya rufta yana raye. Ya roƙi a bar Sunanda ta shiga ta gyara, aka kaɗa ƙuri'a, aka ƙi saboda mace ce. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma shi ba mai karya rantsuwa ba ne.

Sunanda ta ce, "Baba, ƙasa suka hana ni takawa. Zan hau ta waje."

Ya ce, "To, amma kada ki leƙa."

Ta ce, "In ga me? Sanƙon tsofaffi?"

Haka suka riƙa yi kowace shekara kafin damina: ita a sama tana ɗaga tayil, shi a kujera a ciki yana ɗaga murya yana faɗa mata inda ke yoyo.

Rasuwa

Ya rasu a daminar 1987, aka binne shi a maƙabartar cocinsu. Daga nan 'yan ƙungiya suka shiga zauren domin taron ban kwana, ana tafka ruwa, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ya bar 'ya'yansa uku: Joshuwa, akawu a Bombay, da Premanat, malamin makaranta, da Sunanda, wadda a ranar ta tsaya a bakin ƙofa da lema har aka tashi.