Ragon da Ya Ga Kansa a Ƙofar Mota

Duk zaman da na yi ina wankin mota a bakin tashar Daura, ba wanda ya ƙona mini rai kamar wani Alhaji, dillalin dabbobi daga Mashi. Ranar kasuwa ya kawo baƙar motarsa ta yi buɗu-buɗu da ƙasa, ya ce, "Malam, so nake in ga fuskata a jikinta."

Na wanke ta tas, na tsane ta da tsumma, na shafa mai, na yi ta gurza har kafaɗata ta yi tsami. Kafin azahar tana ɗaukar ido.

Sai ga Alhaji ya dawo janye da ƙaton rago. Yana cikin yaba aikina, ragon ya ɗaga kai ya ga wani rago a jikin ƙofa yana harararsa. Ya ja da baya, ya fizge igiya, ya kai karo. Ƙofar ta lotsa.

Na ɗora hannu a ka ina salati. Alhaji kuwa ko kallon motar bai yi ba, durƙusawa ya yi yana shafa goshin ragon. Da ya tabbatar ƙahon bai tsage ba, ya juyo kaina: "Kai ma ka cika zaƙewa! Wa ya sa ka?"

Wai ni!

Daga ranar ya kafa mini doka: in goge daga gilashi zuwa sama, ƙasa kuwa ruwa kawai. Haka motar ta yi ta yawo a gari, rabi na sheƙi rabi a dushe, kuma duk wanda ya tambaya sai Alhaji ya ce masa aikina ne.