Hoton Bakin Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ke yawo har kowa ya fara riƙe wayar hannu, ina aikin haƙori a Ƙanƙara, abokina kuma yana irin aikin a Faskari. Aji ɗaya muka yi, kuma ban taɓa mantawa ni nake fin shi maki ba.

Sai yayansa ya kawo masa kyamara daga Saudiyya, irin wadda ba a sa mata fim. Yakan ɗauki hoton bakin mutum, ya buɗe a kwamfuta, ya faɗaɗa, mai ciwo ya ga kogon haƙorinsa da idonsa. Kafin a jima mutanen 'Yargoje suka fara wuce ƙofata a mota suna tafiya wajensa. Har daga Sabuwa ake zuwa, duk da lalacewar hanya. Duk wanda ya yi mini zancen sai in ce, "Hoto ba ya cire haƙori." Ina faɗa ina dariya.

Ana haka mahaifiyata ta fara kukan haƙorin ciki idan tana tauna. Na duba da madubi sau biyu, ban ga komai ba, na ba ta magani. Da ta je bikin suna a Mairuwa, ba ta gaya mini ba ta zarce Faskari. Ta dawo da hoton haƙorinta a takarda, a naɗe cikin mayafi.

"Duba nan," ta ce. "Mi ka gani?"

Tsagewa ce siririya kamar gashi, a haƙorin da na rantse lafiyarsa lau.

"Inna, ai da kin bari na sake dubawa."

"Wata biyu ina tauna da gefe guda. Ɗan mutane ya gani cikin minti biyar, kuma ya ce a gaishe ka."

Gaisuwar nan ta fi hoton ƙona ni. Abokin nawa ya kira ni sau uku ban ɗauka ba. A na huɗu na ɗauka, ya ce, "Malam, ni ma ban gani da madubi ba, sai da na faɗaɗa hoton. Ka zo ran Alhamis in nuna maka." Na ce zan duba lokaci. Sai da na yi wata guda ina duba lokaci, sannan na je. Ya zaunar da ni ya koya mini komai, bai ko ɗaga maganar Inna ba. Na so ya yi mini gori, don in sami dalilin jin haushinsa. Bai yi ba.

Yau ba na taɓa haƙorin kowa sai na ɗauki hotonsa. Abin da nake tunawa da kunya shi ne, ranar da na ga tsagewar nan, ba wahalar mahaifiyata ce ta fara zuwa raina ba. Tunanina shi ne wa da wa za su ji labari.

Har ta rasu, idan za ta ambace shi, "ɗana na Faskari" take cewa. Nakan ce Allah ya saka masa da alheri, da zuciya ɗaya nake faɗa. Amma sai na haɗiye yawu tukuna.