Ƙafar Kaka da Tawa

Marfin tukunya ne ya faɗi a madafa, ƙwal! Na ɗauka akuyar maƙwabta ce ta sake shigowa, na zabura da gudu, ƙafata ta goce a bakin dakali ta lanƙwashe. Ashe iska ce kawai. A asibiti aka ɗauki hoto, lokotoro ya nuna mini wani ɗan ƙashi a gefen ƙafa, ta wajen ƙaramin yatsa, ya ce ya tsage. Suka naɗe ta da filasta. Ya ce wurin ba ya saurin haɗewa, in na taka kafin lokaci in kuka da kaina.

Ban taɓa sanin zama aiki ne ba sai yanzu. Salla a zaune, shara ina kallo ana barin lungu, miya ina jin ƙamshinta na san gishiri bai ji ba. Ana cikin haka ƙanwata ta haihu a Jiratawa. Innarmu ta rasu, ni ce uwa yanzu, ni ya kamata in je in yi mata wankan jego. Tun da aka bugo waya na kasa zama, na kasa kwanciya, sai Kaka nake tunawa.

A hannunta na tashi, a Tsibiri. Wata shekara bayan girbi ta sauko daga rumbu ta taka dutse, wannan ƙashin nata ya karye. Mai ɗori ya zo ya tofa addu'a, ya ja ƙafar har ta ambaci Allah da ƙarfi, ya jera kara ya ɗaure da tsumma. Har yau ina jin warin man shanun da yake shafa mata. Ya ce kar ta taka sai ya kwance da hannunsa. Tabarma ta zame mata kurkuku. Daga nan take faɗa da kaji, da jikoki, da ni.

Ɗorin bai yi nisa ba aka aiko cewa Inna ta haihu a Jiratawa. Kawu ya ce ai dangin miji za su yi wankan. Kaka ta ce ina!

“Ɗiyata ta haihu, ina da rai, wasu su yi mata wanka? Ɗaura shanu mu tahi.”

A amalanke muka ratsa Maraɗi, ina riƙe da ƙafar a cinyata, kowane gargada sai ta cije leɓe. Can kuwa kullum da asuba tana tsaye gaban tukunya, hannu ɗaya a kafaɗata, ɗaya da ganyen darbejiya tana tsomawa a tafasasshen ruwa tana fyaɗa wa Inna, tururi ya rufe mu duka. Haka har aka yi arba'in. Inna ta tashi garau. Ƙafar Kaka kuwa ta haɗe a karkace. Ba ta sake zuwa kasuwa da ƙafarta ba, kuma lokacin da ƙanwar Inna ta haihu, a zaune ta ji labari, wasu ne suka yi wankan. Ranar na ga ta juya fuska bango. Allah ya jiƙanta.

Duk da haka, jiya na haɗa kaya. Maigida ya yi magana har ya gaji, ya ce surukar ƙanwata na nan, mace ce mai kirki. Na ce na ji. Na sa a kira adaidaita, na jawo sanda, na ɗora ƙafar a ƙasa in gwada. Zafin ya harba har ƙuguna, amma ban koma ba.

Autata, wadda bana ta shiga lakwal, ajin farko na boko, tana zaune bisa jakar tana kallona. Na ce ta tashi. Ba ta motsa ba.

“Mama, ki bari ta warke mana. In kika lalata ta yanzu, ni in na haihu wa zai yi mini nawa?”